Tibiri: katafila ma tana jin ɗari

Daga watan Nuwamba zuwa Fabarairu, manyan injunan gyaran hanya suna fama da sanyin asuba da ƙurar hunturu. A ƙasar Arewa, inda watannin aiki ƙididdigaggu ne, injin da ya kwanta ba mai shi kaɗai yake cuta ba.

Da damina ta ɗauke, hanyoyin jan ƙasa na gundumar Tibiri sukan fito da raunukansu a fili: nan korama ta yanke, can rami ya buɗe baki. Gundumar, wadda aka cire daga Dogon Dutsi a shekarar 2011, ta ƙunshi Tibiri da Dumega da Gesheme da Kore Mairuwa. Gudron ɗin ƙasa mai lamba 1, da ya taso daga Yamai ya bi Dosso da Dogon Dutsi zuwa Birnin Ƙonni, ta Kore Mairuwa ya ratsa. Galibin ƙauyukan Dallol Mauri kuwa sai ta jan ƙasa ko rairayi ake isa gare su. Ta waɗannan hanyoyi ne rake da rogo da kayan lambu suke fita kasuwa, ta nan kuma ake kai mai naƙuda likita.

Ba a aikin ƙasa cikin ruwa. Saboda haka katafila da gireda da motar daɓe suna soma aiki ne daidai lokacin da iskar arewa maso gabas take kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi.

Sanyin asuba

Injin gazuwal ba ya tashi da tartsatsi kamar na esansi. Iska yake matsewa har ta yi zafi, sannan man ya kama da kansa. A watan Disamba da Janairu, sa'ad da sanyin dare kan sauka ƙasa da digiri 15, ƙarfe yana kwana da sanyi, baƙin mai yana yin kauri, batir kuma yana rage ƙarfi. A Kanada ko Rasha gazuwal kansa yana daskarewa. Ɗarin Arewa bai kai haka ba, amma ya isa ya tona asirin tsohon batir.

Shi ya sa makaniken kirki yake duba batir tun watan Oktoba, ya kankare kawunansa, ya ƙara masa tataccen ruwa, ba na rijiya ba. Yana yin juyen mai kan lokaci, galibi bayan awa 250 na aiki, da mai irin 15W-40. Ƙa'idar masu ƙera injunan ita ce kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 30. In inji bai tashi ba, a dakata minti 2. In ya tashi, a bar shi ya ɗumama, a motsa hannuwansa a hankali kafin a ɗora masa kaya, domin man idrolik mai sanyi ba ya gudu yadda ya kamata. Hura wuta ƙarƙashin inji don ya yi ɗumi, kamar yadda wasu suke yi, ganganci ne: tiyo yana narkewa, kuma ɗigon mai kaɗan ya isa gobara.

Akwai kuma raɓar cikin tanki. Rana ta yi zafi, dare ya yi sanyi, sai tururi ya zama ruwa ya kwanta ƙarƙashin gazuwal, ya lalata famfon mai. Maganinsa shi ne a cika tanki da marece, a tsiyaye ruwan da safe.

Ƙura ta fi sanyi ɓarna

Sanyi na safiya ne, ƙura kuwa wuni take yi. In ta sami ƙofa ta shiga inji, tana haɗuwa da mai ta riƙa cin ƙarfe sannu a hankali, har inji ya soma hayaƙi yana shan mai. Matatar iska ce kaɗai garkuwarsa. Buga ta a jikin taya don a kakkaɓe ƙura yana fasa takardarta, kuma ɗan huji kamar na allura ya isa. Sai a hura ta daga ciki da iska marar ƙarfi, in ta gaji a sake sabuwa. Araha ba ta ado: matatar jabu ta fi tsada ranar da aka sauke inji. Gazuwal ɗin ma, ko na matatar SORAZ ta Damagaram ne, wadda ta soma aiki a 2011, ko wanda ya ƙetaro iyakar Najeriya, in ya kwana cikin duro buɗe, ƙura ta riga ta shige shi.

Radiyate ma yana da nasa. Ruwan rijiyoyin dallol kusa yake, amma a wasu wurare yana da kanwa da gishiri, waɗanda suke toshe hanyoyin ruwa. Cire termosta, al'adar wasu garaji don gudun zafin bazara, yana hana inji ɗumama a hunturu.

Wa ke biyan sakaci?

Katafila ɗaya in ta tsaya, kamiyoyin da ke jiran ta sun tsaya, ƴan lebura kuma sun koma gida hannu rabbana. Kayan gyara sai an aika Yamai, ko Sakkwato, ko Kano. Kwanaki suna tafiya, hazo yana rage awoyin aiki, ga azabar zafin Afrilu tafe. In ruwan Yuni ya tarad da hanya ba a daɓe ba, korama za ta kwashe abin da aka zuba, mutanen ƙauye su sake shekara suna jira.

Don haka magadan gari da suke ba da kwangila suna da hakkin su tambayi halin da injuna suke ciki kafin su sa hannu, domin rigakafi ya fi magani. Kuɗin matata da giris da batir bai kai asarar mako guda ba.