Hular Kwano da Keke Mai Taya Ɗaya

Keke mai taya ɗaya abin hawa ne wanda a siffarsa ta asali ba shi da kan tuƙi, ba shi da sarƙa ko birki, sai taya guda da sirdi a samanta, da feda biyu da aka ɗaure kai tsaye a cibiyar tayar, ta yadda duk juyin da ƙafa ta yi shi ne juyin da taya za ta yi. Masu nazarin tarihin kekuna suna danganta asalinsa da tsohon keken nan mai ƙatuwar tayar gaba wanda ya yi tashe a Ingila a shekarun 1870 da 1880. Ya daɗe a hannun masu wasannin ban mamaki kafin ya zama wasan motsa jiki mai gasar duniya da ake kira Unicon, wadda aka fara a 1984 a Amurka, kuma a yau makarantun firamare da yawa a Japan suna ajiye shi domin yara su koyi daidaita jiki.

Mahaya da dama ba sa ganin buƙatar hular kwano, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Da yake babu kan tuƙi a gaban mahayi, babu kuma ƙarfen da zai harɗe masa ƙafafu, yawancin faɗuwa a kan wannan keke takan ƙare ne da mutum ya dira a tsaye, keken ya sulale gefe guda, shi ya sa raunin da aka fi sani a wasan shi ne na wuyan hannu, da gwiwa, da ƙwauri inda feda ke buga. Sai dai wannan sauƙi yana da sharaɗi biyu, wato gudun keken kada ya wuce wanda ƙafar mutum za ta iya karɓa, kuma faɗuwar ta kasance ta gaba.

Sharaɗin farko yana rushewa a kan manyan tayoyi. Ƙaramar taya mai inci 20, wadda ake koyo da ita, da wuya ta wuce sassarfa, amma taya mai inci 36, irin wadda Ed Pratt ɗan Ingila ya zagaya duniya a kanta tsakanin 2015 da 2018, tana iya wuce kilomita 20 a awa, gudun da ba kowa ne zai dira a cikinsa ya ci gaba da sheƙawa ba tare da ya kifa ba. Rushewar na biyun ta fi haɗari, domin idan taya ta zille ta yi gaba, ko tsantsi ya kwashe ƙafa daga feda, mahayi yakan tafi da baya, inda idonsa ba ya gani, hannunsa kuma ba ya isa ya tare, sai ƙeya ta fara taɓa ƙasa. Wannan ba ya buƙatar gudu ko kaɗan, tun da kan mai hawa babbar taya yakan kai mita biyu daga ƙasa, kuma duk abin da ya faɗo daga wannan tsawo yana isa ƙasa da saurin kusan kilomita 22 a awa.

Aikin hular ba ya ga taurin bayanta, yana ga abin da ke cikinta, wani busasshen soso mai sauƙin nauyi irin wanda ake tallafe kayan lantarki da shi a cikin kwali, amma wanda aka fi matsewa. Idan kai ya bugi ƙasa, soson yakan murƙushe a hankali, ya tsawaita lokacin tsayawar kai da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma wannan ɗan jinkiri ne ke rage ƙarfin da zai isa ƙwaryar kai da ƙwaƙwalwa. Ƙa'idar CPSC ta Amurka tana gwada hula ta hanyar sako ta daga kusan mita biyu a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe, ƙa'idar EN 1078 ta Turai kuma daga kusan mita ɗaya da rabi, duka biyun kusa da tsayin irin faɗuwar da aka bayyana a sama. Wani nazari da Olivier da Creighton suka fitar a 2016, wanda ya tattara bincike arba'in a kan masu keke mai taya biyu, ya nuna hula tana rage yiwuwar raunin kai da kashi 51 cikin ɗari, mummunan rauni kuma da kashi 69. Duk da haka ba ta kawar da girgizar ƙwaƙwalwa ɗungurungum, wato rikicewar da ke biyo bayan motsin ƙwaƙwalwa a cikin ƙwarya, musamman idan kai ya murɗa yayin bugu.

Saboda haɗarin faɗuwa ta baya, hular da ta sauko ta rufe ƙeya, irin ta masu wasan allo mai taya ko masu hawan keke a duwatsu, ta fi dacewa da wannan keke a kan hular tsere mai tsini wadda ke barin ƙasan ƙeya a buɗe. Hular ma'aikatan gini kuwa an yi ta ne domin abin da zai faɗo wa mutum daga sama, galibi ba ta da soson da ake magana, kuma takan fice tun kafin kai ya isa ƙasa. Hula mai kyau ma ba ta da amfani idan an ɗora ta a tsakiyar kai kamar ado: bakinta ya tsaya yatsa biyu sama da gira, igiyoyin gefe su haɗu a ƙarƙashin kunne, maɗaurin haɓa kuma ya matsu har yatsa ɗaya ko biyu kawai ke iya shiga. Soson da ya murƙushe ba ya komawa yadda yake, don haka hular da ta sha bugu mai ƙarfi sau ɗaya ta gama aiki ko da ba a ga tsaga a jikinta ba.

Wanda kansa ya bugu, da hula ko babu, ana sa masa ido na sa'o'i da yawa, domin jini yana iya taruwa a hankali tsakanin ƙwarya da ƙwaƙwalwa alhali mutum yana tsaye yana magana lafiya lau. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barci mai nauyi, ruɗewar magana ko mutuwar wani sashe na jiki alamu ne da ke buƙatar a garzaya asibiti nan take.