Abin Da Ke Karya Motar Daji Daga Ƙasa

Jama'a da yawa suna zaton ƙarfin mota a inji yake. Amma motar da ke kai magani ko taki ƙauye da damina, galibi ba inji ke tsai da ita a hanya ba, sai ƙarafan da ke ƙarƙashinta, watau aksul da sifirin.

Ga yadda abin yake. Ƙarfin inji yakan ratsa giyabos, ya shiga wani ƙaramin akwatin giya mai raba shi gaba da baya, kana farfela ta kai shi tulun haƙoran da ke tsakiyar aksul. Daga nan sanda biyu na ƙarfe suke fita, kowace ta nufi taya ɗaya. A tsohuwar Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila cikin 1948, sandunan baya su ne suka yi suna wajen karyewa, har kamfanin ya sa wa doguwar samfurin aksul mafi kauri mai suna Salisbury a farkon shekarun 1970.

Sandar ba ta cika karyewa don nauyi kawai ba. Idan aka sa ƙaramar giya, ƙarfin murɗawa yakan ninka fiye da sau biyu. To, direba ya kafe a taɓo, ya danne totur, taya tana ta juyawa a banza, sai kwatsam ta kama dutse ko busasshiyar ƙasa. Tayar ta tsaya, inji kuwa bai tsaya ba, duk wannan ƙarfi sai ya ƙare a kan sandar, ta murɗe kamar rake. Mafi yawan abin da ake kira rashin ƙarkon mota a nan, gaggawar direba ce. Wanda ya sa wa motarsa tayoyin da suka fi nata girma kuwa, ya ƙara wa sandar wahala ne a kowace tafiya. In ta karye, irin wannan mota tana iya rarrafawa zuwa gari da aksul na gaba, amma lalle a buɗe tulun a kwashe gutsattsarin ƙarfe kafin su cinye haƙora.

Akwai kuma kuskuren barin mota cikin jan ƙafa huɗu a bisa kwalta. A kwana, tayoyin gaba sun fi na baya cin tazara. A rairayi taya takan ɗan zame, bambancin ya wuce, amma kwalta ba ta barin zamiya, sai ƙarafan su ɗaure, sitiyari ya yi nauyi, giyar ta ƙi fita. Maganinsa a ɗan ja da baya. Range Rover ta 1970 ta zo da na'urar daidaitawa a tsakiya, saboda haka wannan bai dame ta ba.

Game da sifirin, iri biyu ne. Na falle-falle ya fi jure lodi, makanikin ƙauye ma yana iya canja falle ɗaya. Na naɗi ya fi taushi, yana barin taya ta bi rami ba ta rabu da ƙasa ba. Land Rover ta koma gare shi a 1983. Toyota Land Cruiser samfurin 70, wadda ta fito a 1984, ta sami na naɗi a gaba a 1999, aka bar wa doguwarta na falle a baya saboda kaya. Notocin da ke riƙe sifirin da aksul sukan kwance a hanya mai gargada, in kuwa suka kwance aksul ya goce, mota ta riƙa tafiya a karkace.

Har wa yau, duk motar da ta ƙetare rafi a duba man aksul ɗinta. Ƙarfe mai zafi in ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙi ruwa ta kafar shan iska. In aka kwance noti aka ga man ya yi fari kamar kunu, a zubar da shi a ranar, a zuba sabo mai lamba 90.