Baƙin Zagaye a Hoton Sikanin: Shin Ƙari Ne?

Bayan girbin gero na bana, matar kawuna da ke wani ƙauye a gefen Dambatta ta aiko min da takardar sikanin ta WhatsApp. Hoton yana ɗauke da wani baƙin zagaye, a ƙasa kuma an rubuta kalmar Turanci da ake furtawa “anekoyik”. Kafin hoton ya iso gare ni, har an fara maganar sayar da tunkiya don a yi mata aikin ƙari. To mai karatu, idan irin wannan takarda ta shigo gidanku, ga abin da take nufi.

Na'urar sikanin da sauti take aiki, ba da haske ba. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da ya wuce girgiza 20,000 a daƙiƙa, ita kuwa na'urar tana aika miliyoyin girgiza cikin jiki. Ka tuna yadda muryarka ke dawo maka in ka yi magana cikin rijiya? Haka sautin ke bugun hanta ko ƙoda ya dawo, sai kwamfuta ta mayar da amsa-kuwwar hoto. Ƙashi da tsakuwa suna fitowa fari, tsoka kuma toka-toka. Ruwa garau ba shi da abin da zai mayar da sauti, sai wurin ya fito baƙi ƙirin. Ma'anar anekoyik ke nan: marar amsa-kuwwa. Kalmar ba sunan cuta ba ce. Mafitsara cike da fitsari ma haka take fitowa, haka ruwan da ɗan tayi ke kwance a ciki.

Wannan bambanci shi ya fara ɗaga darajar na'urar. A Gilasgo ta Sikotilan, likita Ian Donald ya duba wata mata da aka yanke cewa kansa ce ta cinye ta, sai ya ga ƙatuwar jakar ruwa ce a gidan ƙwai. Aka cire, ta warke. A 1958 ya wallafa bincikensa a mujallar The Lancet.

Jakar ruwa marar matsala tana da alamu uku: cikinta baƙi ne ba ɗigo, bangonta siriri ne sumul, bayanta kuma ya fi gefe haske, domin sautin bai raunana ba da ya ratsa ruwan. A wurin macen da ke al'ada, ƙwai yakan girma cikin 'yar jakar ruwa mai kusan santimita 2 kafin ya fita. Wani lokaci jakar takan ci gaba da girma, amma yawanci takan baje da kanta cikin wata 2 zuwa 3. Shi ya sa likita kan ce a dawo a sake hoto. Ba rainin ciwo ba ne. A ƙoda ma irin wannan jaka tana yawaita idan shekaru suka ja, galibi ba ta damun kowa.

Amma fa ba kowace jaka ake bari ba. Idan takardar ta ambaci bango mai kauri, ko shinge a ciki, ko tsoka mai jini, ko kuma matar ta daina al'ada, ana buƙatar ƙarin bincike, wataƙila har a tura ku Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Sannan akwai alamun da ba a kwana da su: ciwon mara mai tsanani da ya taso farat ɗaya tare da amai ko jiri, domin jakar na iya murɗewa ko fashewa, da ɓatan wata tare da ciwo a gefe ɗaya da zubar jini, wanda zai iya zama ciki a wajen mahaifa. Nan ba batun jiƙo ba ne, a nemi mota a tafi asibiti.

Don haka kafin ku bar gaban likita, ku yi tambaya uku: a ina jakar take, santimita nawa ce, yaushe za a sake dubawa? Ku kuma adana takardar, domin da ita za a gwada hoto na biyu.

Ta matar kawuna santimita 4 ce. Bayan mako 8 aka sake sikanin, ba a ga komai ba. Tunkiyar na nan a turke.