Mutanen Wanke da Maƙwabtansu

Wanke tana cikin ƙasar Gusau. Kadan baƙo ya tambaye mu ko waɗanne iri ne mutanenta, mukan ce masa Hausawa da Fulani, mu yi shiru. Amma zancen ya fi haka tsawo.

Hausawan wannan yanki ba Zamfarawa ne duka ba. Da yawansu Katsinawa ne, domin kafin jihadi ƙasar tana bin Katsina. Ku dubi sarautu: Sarkin Katsinan Gusau, da 'Yandoton Tsafe, sa'an nan Sarkin Fulanin Bungudu. Kowace sarauta tana faɗin asalin masu gari. Fulani kuwa kashi biyu ne, watau na gida, waɗanda suka zauna suka yi auratayya har Fulatanci ya ɓace a bakinsu, da na daji masu shanu, waɗanda Turawa suka riƙa karɓar jangali a hannunsu.

Layin dogo da ya kai Ƙauran Namoda a 1929 ya bi ta Gusau, ya jawo Yarbawa da Ibo da Kwarori wajen cinikin gyaɗa da auduga. Yawancinsu suka zauna cikin gari, ƙauyuka ba su samu da yawa ba.

Ƙidayar 2006 ba ta tambayi kowa ƙabilarsa ba, saboda haka duk wanda ya kawo muku lissafi, ku tambaye shi inda ya samo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun da rikicin daji ya tashi a Zamfara, an sha kashe mutum don sunan ƙabilarsa kaɗai, alhali kuwa uwarsa Bahausa ce, ubansa Bafillace.