Akwai Mai a Cikin Gansakuka: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Da zarar damina ta ɗauke, ruwan kududdufai a Tsafe da Bungudu, har da gefen madatsar ruwan Gusau a kan Kogin Sakkwato, yakan rine ya koma kore shar. Gansakuka muke ce masa, mu kau da kai. Alhali da yawa daga cikin koren nan 'yan mitsi-mitsin tsirrai ne na ruwa, wasu ƙwayar halitta ɗaya tak, kuma da mai a jikinsu.

Man iri biyu ne. Na farko na gini ne: kowace ƙwaya tana lulluɓe da siririyar fata ta maiƙo, ita ke tantance abin da zai shiga da wanda zai fita. A can ciki, inda ake juya hasken rana ya zama abinci, akwai irin fatar nan ninki-ninki. Ku dubi yadda man shanu ke daskarewa da hunturu, man gyaɗa kuwa yana nan ruwa-ruwa. Haka tsiron yake yi: in sanyi ya shigo, sai ya ƙara irin man da ba ya saurin daskarewa, don kada fatar ta sandare, aiki ya tsaya.

Na biyu na ajiya ne, kuma shi ya fi ba ni mamaki. Idan sinadarin naitirojin, wanda manomi ke nema a takin yuriya, ya ƙare a ruwa, sai tsiron ya daina hayayyafa, korensa ya dusashe, ya shiga tara ɗigon mai irin na gyaɗa. Wato yunwa ce ke sa shi ƙiba. Daga 1978 zuwa 1996 gwamnatin Amurka ta kashe kuɗi tana neman man mota daga irin waɗannan tsirrai. Ta ci karo da wannan ƙulli: a ciyar da tsiron, mai ya yi kaɗan, a hana shi abinci, ya ƙi yaɗuwa.

Mu a nan, ta hanyar kifi muke cin moriyarsa. Karfasa tana cin tsirran, man omega-3 da ke cikinsu ya shiga namanta, daga nan ya iso tukunyarmu.

Sai dai a kula, ba duk kore ne lafiyayye ba. In kun ga ruwa ya yi kumfa mai kauri kamar an zuba fenti, yana wari, wasu halittu ne dabam da kan fitar da guba. Kada a shayar da dabbobi a nan, kada yara su yi wanka.