Rigimar Ƙa'idar Zaman Tare a Gidan Linux

Duk mai riƙe da wayar Android yana amfani da Linux, ko ya sani ko bai sani ba. Manhaja ce da Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finland, ya fara a 1991, dubban masana daga ko'ina suke gina ta a fili, kowa na iya karanta rubutunta ya kawo gyara.

Sai dai Torvalds yana da kaifin baki. Shekara da shekaru, in wani ya turo aiki mai kuskure, sai ya wanke shi tas a bainar jama'a, har da ashar. A Satumbar 2018 ya nemi afuwa, ya ja gefe, aka kafa ƙa'idar zaman tare da aka ɗauko daga Contributor Covenant, wadda Coraline Ada Ehmke ta rubuta a 2014. Ƙa'idar ta hana cin mutunci da tsangwama saboda jinsi, launin fata ko addini, ta kuma buɗe ƙofar kai ƙara.

Nan fa aka ja daga. Masu adawa suka ce siyasar Amurka aka shigo da ita ta bayan gida, alhali ingancin aiki ya kamata a duba. Wa zai hana a fake da ƙa'idar a kori mai ra'ayin da bai yi wa shugabanni daɗi ba? Tsoron nasu yana da tushe. Amma ni abin da ya fi damuna shi ne ƙwararrun da zagi ya gundura, suka tattara nasu ya nasu suka bar aikin tun kafin 2018.

Bayan kimanin wata ɗaya da ya ja gefe, Torvalds ya koma kujerarsa, ƙa'idar kuma tana nan tana aiki.