Me Ya Sa Kwabo Ɗaya Kaɗai Ya Fita?

Lokacin da aka tura mu gwajin koyarwa, na shiga aji shida da wata 'yar dabara. Na jera tsofaffin kwabbai huɗu irin na da, masu huda a tsakiya, a kan tebur, kowanne yana taɓa ɗan'uwansa. Na ɗauki na biyar na harba shi da yatsa, ya bugi na farkon layi. Nan take ya tsaya cik, na ƙarshen layi kuwa ya fice shi kaɗai. Yara suka yi ta tafi. Sai wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, don me biyu ba su fita ba, kowanne da rabin gudu?" Na buɗe baki, na rasa ta cewa. Da na koma masauki ban yi barci ba sai da na gano amsar, ga ta kuwa, don kada wani daga cikinku ya sha irin kunyar da na sha.

Duk abin da ke tafiya yana ɗauke da kaya iri biyu. Na farko mu kira shi ƙarfin tafiya, watau nauyin abu sau gudunsa. Na biyu kuzarin motsi, shi kuwa rabin nauyi ne sau gudu sau gudu. Ku lura, a nan gudu sau biyu ya shigo cikin lissafi.

In abu biyu suka yi karo, ba wani abu daga waje da ya sa baki, jimlar ƙarfin tafiyarsu ba ta raguwa ba ta ƙaruwa, sai dai ya tashi daga wannan ya koma wancan. Tun 1668 ƙungiyar masana ta Landan ta nemi a warware mata sha'anin karo, John Wallis da Christopher Wren da Christiaan Huygens mutumin Holan suka aiko da amsoshinsu. Newton kuma ya kafa abin sosai cikin littafinsa na 1687.

Kuzarin motsi shi ne mai gardama. Abubuwa masu tauri da ke buguwa su rabu, kamar kwabbaina, kusan duk kuzarinsu yakan tsira. Abin da ya bugu ya manne kuwa, dole a yi hasarar wani kashi.

To, mu koma ga tambayar yaron. A ce nauyin kwabo 1 ne, gudunsa 4. Ƙarfin tafiya 4 ke nan, kuzari kuwa rabin 16, watau 8. Da biyu suka fita da gudu 2, ƙarfin tafiya zai zama 2 sau 2, ya yi 4, daidai. Ashe yaron bai yi wauta ba. Amma kuzarin kowane ɗaya 2 ne, su biyu 4. Ina sauran 4 ya shiga? Ƙarfe mai tauri ba ya cinye kuzari haka. Kwabo ɗaya da ya fita da gudu 4 shi ne ya biya bashin nan biyu gaba ɗaya. Gaskiya a tebur ba ya cika 4 ɗin sosai, gama katako yana riƙe shi, ƙarar da muka ji ma wani ɗan kashi ne na kuzarin.

Wanda ya taɓa tsayawa a tashar jirgin ƙasa ana haɗa taragu ya ga ɗaya irin karon. Tarago mai tan 10 ya taho da gudun mita 4 a sakan, ya sami ɗan'uwansa a tsaye, suka sarƙe. Ƙarfin tafiya 40 ne, yanzu nauyi ya zama tan 20, saboda haka gudu ya koma 2. Kuzari fa? Da 80 ne, yanzu 40. Rabi ya tafi. Ba ɓacewa ya yi ba, ya rikiɗa ne ya zama zafi da ƙara da girgizar ƙarfe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lissafin hanyar mota. A ce babbar mota mai tan 9 da ƙarama mai tan 1 sun yi gaba da gaba, kowacce tana kilomita 50 a awa, suka cakuɗe. A cire 50 daga 450, saura 400, a raba da tan 10, ya ba da 40. Watau babbar ta ci gaba da tafiya da gudu 40, abin da ta rage 10 ne kurum. Ƙaramar kuwa daga 50 gaba ta koma 40 baya, sauyin 90 ke nan cikin ƙiftawar ido, kuma jikin mutanen da ke ciki ne zai ɗauka. Haka kuma in direba ya ninka gudu, kuzarin da zai lanƙwasa ƙarfe ya ninku huɗu. Wani masani na Holan, Gravesande, ya gwada wannan tun ƙarni na 18, yana sako dunƙulen tagulla cikin yumɓu mai taushi: mai ninkin gudu ya yi ramin da ya kai huɗun na ɗayan.

Washegari na koma ajin da kwabbaina. Na kira yaron gaban allo, na ba shi alli ya yi lissafin da hannunsa. Da ya kai ga 8 da 4, ya dubi allo, ya dube ni, ya ce, "To Malam, in aka harba biyu tare fa?" Na miƙa masa kwabban na ce ya gwada.